Masu tada tsohon jirgin gawayi: mu a Maraɗi za mu iya irin wannan gayya?

Bakanike_Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in ajiye shi a gabanku. Kusan shekara biyu ke nan ina bin aikin wasu mutane a Ingila ta waya, duk ƙarshen wata sukan saki bidiyon inda suka kwana. Tsohon kan jirgin ƙasa ne, irin mai cin gawayi yana tafiya da tururi, suka sayo daga wurin 'yan gwangwan bayan tsatsa ta ci rabonta, har ciyawa ta tsiro a murhunsa. Babu wanda ake biya a cikinsu. Akwai tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka yi ritaya, da malamin lakwal, da wata mata ma'aikaciyar asibiti, har da yara masu goge tsatsa. Asabar da Lahadi suke haɗuwa.

Bidiyon wannan watan shi ya hana ni barci. Sun mayar da gangar jikin a kan ƙafafunta, bayan ta daɗe a ɗore kan katakai. Kafin a kai ga haka na ga wani dattijo yana gyaran boris. Ba irin namu mai ƙwallaye ba ne, farin ƙarfe ne mai laushi ake narkawa a zuba. Sai ya shafa shuɗi a jikin sandar ƙafa, ya ɗora boris ɗin, ya ɗaga, ya kankare daidai inda shuɗin ya taɓa, ya sake ɗorawa. Haka ya wuni a kan guda ɗaya, wata yarinya na tsaye kusa da shi tana riƙe masa fitila tana kallon hannunsa. Tukunyar tururin kuma tana gefe, sun zare bututunta duka, suna canza sandunan da ke riƙe murhu ɗaya bayan ɗaya.

Tambayata ita ce, ga dogo yana tahowa daga Kano. Ba za mu iya nemo ɗaya daga cikin matattun kawunan jirgin da ke yashe a Najeriya mu tada shi da gayya ba? Muna da maƙera, muna da masu sudur, muna da masu zubin tukwane. Me muka rasa?

Dan_Kabukabu:
Wa'alaikumussalam. Maigida, da wane kuɗi? Mutum na neman na tiyar hatsi za ka ce ya zo kankarar tsatsa kyauta? Su can cikinsu a ƙoshe yake, fanshonsu na shiga duk wata. Mu wanda bai fita ran Asabar ba, ba a ɗora tukunya a gidansa.

Mushe_Lakwal:
Abin da Bakanike ya gani ya daɗe ana yinsa a can. Ingila ta daina aiki da jiragen tururi a manyan layukanta a watan Agusta na 1968, aka tura dubbai wurin masu yanka ƙarfe. Akwai wani filin gwangwan a garin Barry, yankin Wales, na gidan Woodham. Su sai suka ga yankan tsofaffin taragu ya fi sauƙi, ya fi saurin kawo kuɗi, suka bar kawunan jirgin a jere suna jiran layi. Kafin layi ya zo kansu mutane suka fara tara kuɗi, suna zuwa suna saye. Guda 213 aka fitar daga wurin. Da yawa sun koma aiki, wasu har yau ana fama da su. Ina kyautata zaton wanda kake kallo ma daga can ya fito.

Amma Dan_Kabukabu bai yi ƙarya ba a maganar kuɗi. Akwai wani sanannen jirgi da suke kira Flying Scotsman, ƙirar 1923. Gyaran da aka yi masa daga 2006 zuwa 2016 ya ci fiye da fam miliyan 4, wajen miliyar 3 ke nan na sefa. Shi kuma gidan tarihin ƙasa ne ke da shi, ba talakawa 'yan gayya ba.

Baba_DanGulbi:
Jikana ka rubuta min, ni ba ni ganin ƙananan baƙaƙe. Ku yara kuna maganar abin da ba ku taɓa jin ƙamshinai ba. Ni na gane shi da idona. Ina yaron mota lokacin gujiya, mu ɗauka nan Maraɗi, mu bi Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. Ran da na hwara ganinai muna sauke buhuna kusa ga dogo, sai na ji ƙasa na motsi ƙarƙashin ƙahwata. Kahin in waiwaya ya yi kuka, kukan da na ji har cikin haƙora. Baƙi ƙirin, yana numhwashi kamar bajimi, ruwa na ɗiga ta ƙasa. Mutum biyu cikin ɗan ɗaki zuhwa ta jiƙe su, guda na zuba gawayi da shebur ko kai bai ɗagawa. In ya wuce sai ka iske ƙurar gawayi cikin kunne da wuyan riga. Wurin da sunka kwana ana ce mai loko. Wanda duk ya ce za ya tada wanga abu, in ina da rai a kai ni in gani.

Yar_UnguwarZariya:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Wallahi kamar ina wurin. Amma ina da tambaya, kakata takan ce zamanin Nasara an taɓa kawo jirgi Maraɗi, daga baya aka kwashe ƙarafan. Gaskiya ne?

Mushe_Lakwal:
A'a ƙanwata, dogo bai taɓa shigowa Maraɗi ba. Wataƙila alkawarin da aka yi ta yi ne ya zauna mata a rai. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Ta ɓangaren Faransa kuma wanda ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, bai ko kai bakin Kwara ba. Shi ya sa gujiyarmu ta riƙa bin Kano kamar yadda Baba ya faɗa, sai cikin shekarun 1950 Faransawa suka shirya a riƙa karkata wani kaso ta Paraku da manyan motoci. Layin da na san an kwashe ƙarafansa shi ne ɗan siririn nan na Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957.

Injiniya_Bakatsine:
Ina gaida 'yan'uwa na Maraɗi. Akwai matsalar da ba a taɓo ba tukuna, kuma ita ce ta farko. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa milimita 1067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sabon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa wurinku, faɗinsa 1435 ne. Bambancin ya kai kusan santimita 37. Ko an ba ku tsohon kan jirgi kyauta, kuka gyara shi tas, ba zai hau sabon layin ba. Kuma faɗaɗa shi ba ƙaramin aiki ba ne, don gangar jiki da silinda da sandunan ƙafa duk a kan wancan awon aka ƙera su. Na Benin ma bai dace ba, shi mita ɗaya ne cif.

Bakanike_Mokoyo:
Na gode Injiniya, wannan ban san shi ba. To ko ba a sabon layin ba. Waɗanda nake kallo ma ba a babban layi za su tuƙa nasu ba, ɗan guntun dogo suke da shi. Mu ko rabin kilomita ne a gefen tasha, ya je ya dawo ranar salla, yara su hau. Ko ma bai motsa ba da farko, a tsayar da shi a inuwa, a wanke shi, a shafa masa fenti.

Tsohon_Cirozerin:
Malam Bakanike, tsayar da shi a shafa fenti na yarda. Hura masa wuta kuma, a nan nake so ku saurare ni, don na yi shekaru ina aiki kusa da tukunyar tururi a tashar lantarkin SONICHAR ta Anu Araren, inda ake ƙona gawayin ƙasa tun 1981.

Tukunya ba tankin ruwa ba ce. Ruwa in ya zama tururi a sarari yana kumbura fiye da ninki 1,600. A cikin tukunyar jirgi ruwan ya wuce zafin tafasa nesa, matsi ne kawai ya hana shi tashi. Manyan na Ingila suna aiki da matsin da ya kai wajen bar 17 a ma'aunin matsi. Ranar da bango ya tsage, wani kaso na ruwan nan yake juyewa tururi a ƙiftawar ido, kuma tukunyar kan iya barin jikin jirgin ta yi sama. Waɗannan sandunan da ka ga suna canzawa su ke riƙe bangon murhu kada matsi ya lanƙwasa shi, kuma ɗaruruwa ne. Mai dubawa yakan bi su da guduma yana saurare, wadda ta karye a ciki amonta daban ne.

In an gama, ba wuta ake fara hurawa ba. Cika ta ake yi da ruwa maƙil, a matsa da famfo har ya wuce matsin aikinta, galibi ninki ɗaya da rabi. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in akwai rauni yoyo za a gani, ba fashewa ba. Sai ta ci wannan jarrabawa sannan a hura wuta kaɗan-kaɗan. A rufin murhu kuma akwai toshiya mai dalma a ciki, in ruwa ya yi ƙasa ya bar rufin a buɗe sai dalmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya faɗakar da masu tuƙi. A Ingila duk bayan shekara goma sai an sake warware tukunyar an duba ta ciki da waje. Wa zai duba mana tamu ya sa hannu? Ku fara amsa wannan.

Sudur_SabonGari:
Baba Cirozerin, da girmanka, amma ji nake kamar an raina mu. Ni na liƙe tankar gazuwal da hannuna, shekara shida ke nan tana bin hanyar Kwanni ba ta taɓa ɗiga ba. Mu ba takarda gare mu ba, amma hannu akwai.

Tsohon_Cirozerin:
Ɗana, ban raina hannunka ba, Allah shi ne shaida. Tankarka nauyin mai kawai take ɗauka. Wannan kuma ana hura ta ta buɗe, ta huce ta tsuke, kullum, da matsi a ciki. Ɗinkin da ya yi kyau a ido yana iya ɓoye ɗan kogo kamar ƙwayar gero, kuma daga nan tsaga ke farawa. Shi ya sa ake haska ɗinkin da na'ura a ga cikinsa. Hannunka zai iya, amma sai an koya maka irin wannan ɗinkin, an kuma gwada ka. Ko Turawan da suka ƙera sabon jirgin nan Tornado daga tushe, suka gama a 2008, tukunyarsa a Jamus suka sa aka yi musu, a garin Meiningen.

Sudur_SabonGari:
To na ji wannan. In koyo ne ina so.

Dan_Gwangwan227:
Tunda an ambace mu bari in yi magana, don kullum mu ake zagi. Mu ba ma shiga gidan kowa mu ɗauki abu. Masu shi ke kiranmu. Na sayi tsohon injin matsar man gujiya, na sayi sikelin auna buhu irin na kanti, na sayi keken ɗinki mai rubutun zinare a jiki, duk magada ne suka ce in zo in kwashe ya tare musu wuri. Wani sa'in ni ke jin ciwon sa guduma, amma kilo nake saye, kilo nake sayarwa. Mai filin Barry da Mushe ya ba da labari, ai ɗan gwangwan ne irina. Bambancin shi ne shi an zo an saya a hannunsa. Ni shekara goma sha ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ajiye mini wannan, na tarihi ne, zan biya.

Hajiya_Bagalam:
Maganar Dan_Gwangwan ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Ƙauran Namoda kafin ya dawo gida. Yana da wata fitilar hannu mai gilashi kala uku, ja da kore da fari, ana murɗa kanta gilashin ya juya. In kuran ya ɗauke yakan kunna mana ita, ya nuna mana yadda ake tsayar da jirgi da dare da yadda ake ba shi hanya. Har ƙamshin kananzirinta ina tunawa. Bayan rasuwarsa ina gidan miji, aka share ɗakinsa. Da na zo na tambaya aka ce an haɗa da tsofaffin kwanoni an ba masu sayen ƙarfe. Kuɗin ko jika biyu bai kai ba. Ban yi faɗa da kowa ba, amma na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ni in za a yi wannan abu, abincin masu aiki na ranar Asabar a kaina.

Yar_UnguwarZariya:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Kin sa ni hawaye.

Almajirin_Limanci:
Allah ya gafarta wa magabatanmu. Amma jama'a a duba lamarin da kyau. Akwai ƙauyuka a bayan Dakwaro da mata ke tafiya mai nisa neman ruwa, akwai azuzuwan zana a cikin garin nan. In har za mu iya tara miliyoyi da ƙarfin matasa, rijiya da aji ba su fi cancanta ba? Jirgin nan kuma ba namu ba ne, Nasara ya kawo shi don kwasar gyaɗa da auduga da kuza. Ina tsoron kada mu faɗa almubazzaranci da sunan tarihi.

Mushe_Lakwal:
Malam, maganarka tana da nauyi, kuma rijiya tana gaba, babu musu. Amma inda ka ce ba namu ba ne, nan ban bi ka ba. Nasara ya kawo shi don amfanin kansa, haka ne. To wa ya haƙa ƙasa ya shimfiɗa dogon? Talakawa ne, da yawansu da aikin tilas. Wa ya haƙo gawayin a Inugu? A 1949 an harbe mahaƙa 21 a Iva Valley saboda sun nemi haƙƙinsu. Wa ya tsaya a bakin murhu kamar wanda Baba_DanGulbi ya gani? Mahaifin Hajiya ba Bature ba ne. Gumin iyayenmu na jikin ƙarfen nan.

Dan_Samariya74:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake magana kamar gayya baƙuwa ce a wurinmu. Zamanin Kunce da Samariya muka gina azuzuwa, muka share gari, muka dasa itace, ba wanda ya ba mu dala. Da ganga ake tada mu. Kafin nan ma gayyar noma fa? Dan_Kabukabu ya ce sai mai ƙoshi ke aikin kyauta, to iyayenmu da suka yi wa maƙwabci huɗa ba ƙoshi ne ya yi musu yawa ba.

Dan_Kabukabu:
Baba, gayyar noma wuni ɗaya ce, a sha fura a watse, kuma gobe a zo taka gonar. Wannan fa ana maganar shekara goma ko ashirin. Wa zai riƙe amanar kuɗi tsawon wannan lokaci? Na taɓa zuba kuɗi a wata ƙungiyar unguwa don gyaran magudanar ruwa, wata huɗu muna zubi, daga baya ko littafin ba mu sake gani ba. Abin da ke kashe mu ke nan, ba rashin hannu ba.

Dalibin_DanDikko:
Ina so in kawo misalin da ba na Turawa ba, don kada a ce sai mai fam. A Iritiriya, bayan yaƙin neman 'yanci, layin Massawa zuwa Asmara ya lalace, an kwashe ƙarafansa an yi ramukan yaƙi da su. Gwamnati ta ƙi ɗaukar kamfanin waje. Tsofaffin ma'aikatan jirgi ta kira, wasu sun haura saba'in, suka dawo suka tattaro ƙarafan, suka tada kawunan jirgin da Italiyawa suka ƙera tun shekarun 1930. A 2003 layin ya sake kaiwa Asmara.

Sai Saliyo. Da suka rufe layinsu a tsakiyar shekarun 1970, wasu 'yan sa-kai daga Wales suka zo suka sayi kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragu, suka kai ƙasarsu suka ci gaba da aiki da su. Sauran da suka rage a wani rumbu a Firitawun su aka mai da gidan tarihi a 2005. A Legas ma akwai ƙungiyar Legacy 1995 da ta gyara tsohon gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, ta mai da shi ɗan gidan tarihin jirgi. Duk inda abin ya yiwu, tsofaffin da suka san aikin suna raye lokacin da aka neme su. Jiragen gawayi sun yi aiki a Najeriya har cikin shekarun 1970. Wanda ya zuba musu gawayi yana ɗan ashirin, yau ya haura saba'in.

Mai_Shago_Kadro:
Ku bar wannan dogon lissafi. Dogon Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wajen 2014, mun ga bikin a talabijin, ina jirgin yake yau? Ƙarafa na kwance rana na dukansu. Ni sai na ga na Kano ya tsaya a Maraɗi da idona, na sauke kayana daga tarago, sannan a yi mini zancen tsohon jirgi.

Injiniya_Bakatsine:
Alhaji, aiki dai ana yinsa a ɓangarenmu, wanda ya bi hanyar Kazaure da Daura ya ga gadoji da cikon ƙasa. Ranar gamawa kam ba zan yi maka alkawari ba.

Direban_Kamiyo:
In ya zo mu kuma ina za mu sa kanmu? Tarago ɗaya zai ɗauki lodin da nake kwana biyu ina kawowa. Ba wanda ke wannan lissafin.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri a dawo kan tambayar Bakanike. Maganar sabon dogo da makomar direbobi babba ce, a buɗe mata nata zaure.

Uwar_Biyu_AliDanSofo:
Ni tambayata ƙarama ce. Da me za a hura shi? In gawayin itace ne, to ku bar shi a kwance. Itacen da ya rage mana a gulbi bai ishe mu girki ba.

Tsohon_Cirozerin:
Ba na itace ba ne Hajiya, na ƙasa ne, kwal, kuma Allah ya ba mu shi a Anu Araren, akwai kuma a Salkadamna cikin jihar Tawa. Sai dai namu yana da toka da yawa, mai zuba shi zai sha aiki. Abin da ya fi damuna ruwa ne. Jirgin nan ya fi shan ruwa a kan cin gawayi ninki da yawa. Kuma ku duba cikin butar shayinku, wannan farin ɓawon da ke kamawa, shi ke kama bututun tukunya ya hana zafi wucewa har ƙarfen ya ƙone. Dole a gyara ruwan, a riƙa wanke tukunyar a kai a kai. Wani abu kuma, duk wanda ya je duba tsohon kan jirgi kada ya taɓa farar audugar da aka naɗe tukunyar da ita. Asbestos ce, ƙurarta na lalata huhu, sai bayan shekaru ciwon ke fitowa.

Dalibin_DanDikko:
To me zai hana a fara da ƙarami? Ni da abokaina biyu mun daɗe muna son ƙera ɗan injin tururi na kan tebur, mu kai makarantu yara su ga yadda fistin ke tura ƙafa. Masu zubin tukwane za su zuba mana ƙafar, mai injin feƙe ƙarfe ya yi mana silinda. Mun yi tunanin yin tukunyar da tsohuwar tukunyar gas.

Tsohon_Cirozerin:
Kul! Kada ku kuskura da tukunyar gas, ba don wuta aka yi ta ba, kuma ba ku san abin da tsatsa ta yi mata a ciki ba. Ku fara juya injin da iskar kwamfaresa, wurin mai faci ma akwai. Duk abin da yaro zai gani a tururi zai gan shi a iska. In ya yi aiki ku zo mu zauna a kan maganar tukunya, da bututun jan ƙarfe da bawul ɗin tsaro, a gabana.

Makerin_YanDaka:
Ni ban iya dogon rubutu ba. Gidanmu ƙira muka gada. Ribitin da Bakanike ya turo mini bidiyonsa, wanda ake gasawa ya yi ja, ɗaya ya miƙa da awartaki, ɗaya ya tokare ta baya, ɗaya ya buga, kakana haka yake haɗa bakin garma. Yarana ba wanda ya tsaya a maƙera, duk sun tafi kabu-kabu. In akwai aikin da zai sa yaro ya zauna ya ga ana yi, zuga-zugina na nan.

Almajirin_Limanci:
In koyar da sana'a ne manufar, ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne a tara dukiya a kan abin kallo.

Bakanike_Mokoyo:
Na karanta duka, har sau biyu. Injiniya ya rage mini gudu, Baba Cirozerin ya tsorata ni, kuma gara da aka yi haka. Amma ban sauka daga maganata ba. Daren jiya na sake kallon bidiyon, sai na lura idona ba a kan jirgin yake tsayawa ba, a kan yarinyar nan mai riƙe fitila yake. Maigidana da ya koya mini aiki ya iya zuba boris da hannu a tsofaffin injinan niƙa. Na gan shi yana yi ina yaro, ban tsaya na koya ba, don lokacin sabo ya yi arha a kasuwa. Ya rasu da abinsa.

Garejina a buɗe yake ran Lahadi bayan la'asar. Dalibi, ku kawo zanenku. Makeri da Sudur, in kun samu hali ku leƙo. Dan_Gwangwan, don Allah in fitila irin ta mahaifin Hajiya ko wani abu na reluwe ya faɗo hannunka, kada ka sa guduma, kira ni zan biya kilonsa da riba.

Dan_Gwangwan227:
An gama, maigida. Akwai wata ƙararrawar tagulla da na ajiye tun bara, ban san ta mece ce ba, zan kawo ku duba.

Dan_Kabukabu:
Ni dai har yanzu ban ga inda kuɗin babban zai fito ba. Amma in Baba_DanGulbi na son zuwa ran Lahadi, ni zan ɗauko shi.

Hajiya_Bagalam:
Akwai wani abokin aikin mahaifinmu da na ji yana raye a Gusau, shi a cikin jirgin ya yi aiki, bakin wuta. Zan sa a bincika mini ko yana iya magana a waya. Wa ya san tambayoyin da ya kamata a yi masa?